Layin Fensir a Ƙofar Gidan Awo

Zuwa ga Abban yara,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da yaran nan masu cika maka kunne. Yaya tarin Auta? Ni lafiya lau, sai kewarku.

Aiki ya kankama. Tsohon gidan awon jarirai ne aka ba ni in gyara, mutanen unguwa na so ya koma ɗakin karatu. Da la'asar rana takan shigo ta tagogin sama ta kwanta a ƙasa, sai in tsaya da ma'auni a hannu in manta abin da na zo aunawa. Ji nake kamar mata na nan jere a kan benci, kowacce da goyonta, ana jiran kira. Na san za ka ce matarka ta koma hira da bango. To, shekara goma sha biyu ina wannan sana'a, bango bai taɓa katse mini magana ba, ba kamar wani da na sani ba.

Taro bakwai na yi da mutanen unguwa, ina tambayarsu kayan tarihin da ba su so a taɓa. Suka ce agogon baranda, da bishiyar tsakar gida, da launin tagogi. Akwai wata tsohuwa da suke kira Gwaggo mai lema, ba ta taɓa buɗe baki a taro ba. Kullum da hantsi takan zo ƙofar ɗakin tsakiya, ta dafa katakon gefen ƙofar, ta ɗan jima, ta tafi. Ina jin hutawa take yi.

Kada ka manta da fentin bangon da yara suka zane.

Taka,
Mai-Ma'auni

Abban yara,

Gaisuwa da fatan kun tashi lafiya. Yau babu tsokana, zuciyata ba daɗi.

Katakon nan da na ce maka Gwaggo na dafawa ya yi baƙi, duk ƙananan zane-zanen fensir. Na ɗauki hotonsa daga sama har ƙasa da ma'auni a gefe, kamar yadda muke yi kafin a taɓa komai, sannan na sa kafinta ya goge shi. Ya kuwa goge shi tas, har yana sheƙi, na yaba masa.

Washegari Gwaggo ta zo, ta miƙa hannu, sai hannun ya tsaya a iska. Ta daɗe a haka, sannan ta juya ta tafi, ko lemar ba ta buɗe ba. Matar kafinta ce ta warware mini. Ashe malamar awo ta dā takan jingina yara da katakon ta ja layi daidai kansu. Ɗan Gwaggo ɗaya tak an auna shi yana ɗan shekara biyar, a shekarar ya rasu. Ba ta da hotonsa. Layin nan take zuwa gaisarwa, shekara arba'in ke nan.

Ni ce gwanar tambaya, na yi ta cewa kayan tarihi, kayan tarihi. Wa zai ɗaga hannu a taro ya kira layin fensir tarihi? Ina ganinta kullum, ban taɓa zuwa na tsaya kusa da ita ba. Da-na-sani ƙeya ce. Kuma ƙa'idarmu ta hana in mayar da abin da ya goge da hannuna, don ya zama ƙarya. Yau kwana huɗu ba ta zo ba, ɗakin ya yi shiru, har matan nan na kan benci na daina ji.

Ka yi mini addu'a.

Taka,
Mai-Ma'auni

Abban yara,

Ina gaishe ka, ina gaida yara. Na ji daɗi da tarin Auta ya lafa.

Na je gidan Gwaggo na ba ta haƙuri, na kai mata hoton. Layuka sun fi ɗari biyu a ciki, yawanci babu suna, ban san wanne ne nata ba. Ta shafa takardar ta miƙo mini, ta ce idonta ya daɗe da yin rauni, da hannu take ganinsa. Na roƙe ta ta biyo ni, sai ta ɗauki lemarta.

A bakin ƙofar na ba ta fensir. Ta rufe ido, ta ɗora tafin hannu a iska kamar mai shafa kan yaro, ta matsa da shi a hankali har ya taɓa katako, ta ja layi. Rana na shigowa ta tagar sama a lokacin, wallahi sai da na ga kamar akwai mai tsayuwa a ƙarƙashin hannunta, ya miƙe wuya don ya ƙara tsawo.

Da ta tafi na ɗauko ma'auni na gwada da hoton. Akwai tsohon layi a daidai wurin, ko faɗin farce ba ta kauce ba. Na zauna a ƙasa na yi kukana. A rahoto na rubuta gaskiya: sabon layi ne, uwar yaron ta ja shi, ga ranar. Yau da hantsi ta dawo ta dafa, kamar kullum.

Fentin nan da na matsa maka, ka bar shi. Ka tsayar da Auta a ƙofar ɗakinmu ka ja masa layi, ka rubuta sunansa. Kada ka jira sai na dawo.

Taka har kullum,
Mai-Ma'auni