Rawar Hannuna Ba ta Giya Ba Ce

Casilda, sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan ranar garinmu Mompox ta ƙwalle, iskar kogin Magdalena mai shigo mini ɗaki ba sallama!

Dubi yadda rubutun nan ya karkace. Har yanzu hannun rawa yake yi, amma na rantse da wanda ya halicce ni, ban sha komai ba.

Kin tuna ranar da kika dawo daga tallar cuku, kika same ni ina fama da 'yan kunnen aurenmu? Ni da na shekara ashirin ina murɗa zaren azurfa, ranar nan sau uku yana kuɓuce mini. Kika kalli hannuna, kika kalli idanuna da suka firfito, da gumin da ya jiƙa mini riga, kika ce, "Evaristo, ka koma wa kwalba ke nan? Ina rantsuwar da ka yi mini a coci?" Ni kuma, sakarai, maimakon in ce ban san abin da ke damuna ba, sai na daka miki tsawa har maƙwabta suka leƙo. Washegari kika hau kwale-kwale zuwa gidan yayarki a Magangué. Wayyo ni!

Yanzu ina asibiti a Cartagena. Likita ta laluba wuyana, ta auna jinina, ta ce wata 'yar tsoka ce a gaban maƙogwaro take zuba sinadari a jini fiye da kima. Shi ke sa zuciya gudu, ya kaɗa jijiyoyi, ya ramar da mutum, ya hura masa fushi. Abin da bai cika tafin hannu ba, shi zai raba ni da ke? Ban ce shi ya yi miki tsawa ba. Bakina ne, kuma kunyarsa na cina.

Likitar ta ce sai an yi aiki an cire tsokar. Na tambaye ta ko in an cire, zuciyata za ta daina bugawa da ƙarfi idan na tuna ki. Ta yi dariya ta ce, "Wannan kam ya fi ƙarfin wuƙata."

Amma ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar Alhamis za a yi aikin. Ta ce jijiyar murya a bayan tsokar take, siririya kamar zaren da nake murɗawa. In wuƙa ta taɓa ta, muryata na iya tafiya, ba lallai ta dawo ba.

Tsoro nake ji, Casilda. Ki zo ranar Laraba, don Allah. Ko ba ki yafe ba, ki tsaya daga bakin ƙofa in kira sunanki a hankali. In muryar nan za ta tafi, kada abu na ƙarshe da kika ji daga gare ta ya zama tsawar nan.

Naki, da murya ko babu,
Evaristo