Kufan Garin Kaka

Tremont, Bronx, 4 ga Maris

Yaya Zaituna,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara. Likita ya ce sai na riƙa tafiyar ƙafa saboda ciwon suga, shi ne na sayi na'urar nan mai kuka in ta ji ƙarfe a ƙasa. Har takardar izini na karɓo. Ran Lahadi, in na ajiye tasi, nakan je bakin teku. Na tsinci makullai da cokula da wani tsohon kwabo.

Duk sanda ta yi kuka sai in tuna ranar da Kaka ta kai mu kufan garinsu, tana nuna fili da sanda tana cewa nan ne ɗakinta. Kin tuna ta ce ta binne munduwarta a gindin tsamiya shekarar da yunwa ta tashe su? Da Babbar Salla zan zo da na'urar, mu tono ta.

Ƙanenki,
Harouna

Tasawa, 29 ga Maris

Harouna,

Muna lafiya, Allah ya ƙara sauƙi. Amma kada ka kawo wannan abu.

Shekara uku ke nan ina ɓoye maka. Masu neman zinariya sun zo da irin na'urarka, sun mai da kufan ramuka. Sun fasa tukwane, sun taɓa kaburbura, tsamiyar ma ta faɗi da suka sare saiwarta. Daga baya wata malama ta zo daga jami'a da ɗalibanta. Ta ce min da an bar kowace tukunya a mazauninta, da sun gane shekarun garin da abin da mutanensa ke ci. Kwana biyu suka yi suka koma.

Na yi shiru ne don duk wasiƙarka sai ka tambayi tsamiyar nan.

Yayarka,
Zaituna

Tremont, 20 ga Afrilu

Yaya,

Bayan gaisuwa. Na yi fushi da na karanta. Na ce ai ni ba ɓarawo ba ne, kayan kakata zan ɗauko.

Shekaranjiya na sauke fasinja a Manhattan, ƙofar wani kantin kayan zamanin da. Ta gilashi na hango munduwaye bakwai a jere, masu zane irin wanda Kaka ke faɗa. Na shiga na tambayi mai kantin daga wane gari suke. Ya duba takarda ya ce, "Afirka ta Yamma." Na ce na wa ne? Ya ce babu wanda ya sani. Na daɗe a tsaye har ya tambaye ni ko lafiya.

Zan zo, na'urar kuma zan bar ta nan Bronx. Amma me zan tarar, Yaya?

Harouna

Tasawa, 11 ga Mayu

Ƙanena,

Za ka tarar da Baba Tamimu, ƙanen Kaka. Shi kaɗai ya rage cikin waɗanda aka haifa a can. Har yanzu yana iya lissafa gidajen, daga na maƙera zuwa bakin rijiya. Jiya dai ya tsaya a gida na tara, ya kasa tuna mai shi.

Kada ka jira Salla. Ka zo da littafi da biro.

Allah ya kawo ka lafiya.
Zaituna