Takalmin Kawu Allal Yana Ƙofata

Charleroi, ran Lahadi

Zuwa ga Yaya Tlaitmas,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya ke da maigidanki da yara, Allah ya ƙara wa Inna sauƙin gwiwa. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san hannun da ya saba da allo. Ki gaya wa Inna har yanzu ban yi hankali ba, kada ta sa rai.

Yaya, na bar gidan Kawu Allal, kuma ba faɗa muka yi ba. Tun da aka rufe masana'antar gilashin da ta cinye ƙuruciyarsa, da tallafin marasa aiki yake ci. Da na samu aikin wanke motocin bas, har kuskus ya dafa don murna. Ashe a dokar ƙasar nan, in kana kwana gida ɗaya da mai albashi, an ɗauka shi ke riƙe ka, sai a zabge tallafin. Wata mata daga ofishin tallafin ta zo dubawa, ta leƙa banɗaki ta ga buroshi biyu. Na ce mata ɗaya na haƙoran sama ne, ɗaya na ƙasa. Ba ta yi dariya ba, Kawu ma bai yi ba.

Na ce albashina ya ishe mu. Ya ce bai yi shekara talatin gaban wuta don ya ci gumin ɗan ƙanwarsa ba, tallafin haƙƙinsa ne, ba sadaka ba. Maƙwabcinmu Marcel, wanda suka yi aiki tare, ya ce shi ma haka aka raba shi da 'yarsa, wai a ƙasar nan sai ka yarda ka zauna kai kaɗai ake tausaya maka. Sai na kama ɗaki a tsallaken titi. An ce ɗan'uwa rabin jiki, to nan rabin ake cirewa kafin a ba ka abinci.

Kin san kullum da safe nakan ɓoye masa takalmin gida ƙafa ɗaya, ya bi ni yana ce mini ɗan akuya, sannan mu sha shayi da burodi da man zaitun. Yanzu in na shiga sai in tarar da labule a rufe, burodi ya bushe, shi yana zaune. Ya rame, ko masallaci ya daina zuwa. Na tsokane shi na ce ya huta da ni. Ya ce abin da ya fi damunsa shi ne ya farka ya ga takalman nan biyu a jere yadda ya ajiye su.

Shi ya sa da zan fita na sa ƙafa ɗaya a aljihu, don dole ya tsallako ya zage ni. Tun ran Talata takalmin yana bakin ƙofata. Ina kai masa abinci, ina ganinsa yana jan ƙafa da safa, bai ko tambaya ba.

Yaya, ke kaɗai yake jin kunyarki. Don Allah ki kira shi, ki ce kin ji na sace masa takalmi, ki zuga shi sosai. Zumunci a ƙafa yake, titi ɗaya ne kawai. Zagin nake so in ji.

Ki gaida Inna, da Baffa Haddu, da Mimunt, da ƙaramin Ilyas mai kunnen zomo. Ku sa Kawu a addu'a.

Ƙanenki,
Mimun