Koriyar Ƙofar Baba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Unguwarmu ta yi kyau kamar yadda ka gani a hoto. An gyara titi, an sa fitilu, baƙi sun cika gidajen haya, yare biyar nake ji ta tagar kicin. Sai dai kwamitin unguwa ya shafe kowace ƙofa da farin fenti, har tamu. Ka san tun da mantuwa ta kama Baba, da koriyar ƙofar nan yake gane gida. Jiya sau uku ya wuce ta ina kallonsa. Shagonsa na gyaran agogo ya zama wurin shan kofi, kullum sai ya je ya tambaye su ina suka kai masa teburinsa. Tsoro nake ji. Na ce zan mayar da kore, suka ce mai gida ya riga ya sa hannu a kan farin. Wane mai gidan?

Ka huta lafiya,
ƙanwarka.

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa, na samu takardarki. Ni na sa hannu, domin gyaran zai ɗaga darajar gidan. Ki daina tayar da hankali a kan fenti, tun kina yarinya haka kike. Ki riƙa kulle ƙofa kawai. Ki gaishe min da Baba.

Yayanki.

Yaya,

Ina gaishe ka, amma Baban da zan gaisar ba ya nan. Ya fita ranar Talata da safe ina wanka, yau kwana uku. Na je asibitoci, na je wurin 'yan sanda, ƙafafuna sun kumbura. Na mayar da ƙofarmu kore, kwamiti su zo su kama ni. Maƙwabciyata mai wanki da guga, wadda ba ma jin yaren juna, ta same ni ina fenti ina kuka. Na nuna mata hoton Baba, na nuna ƙofar. Ta karɓi sauran fentin ta shafa wa tata. Mai kofi ya bi, tela ya bi. Ɗiyar mai wankin ta fassara min: "Duk ƙofar da ya ƙwanƙwasa, mu buɗe masa, mu kawo miki shi."

Ka yi mana addu'a,
ƙanwarka.

Yaya,

Salam. Ƙofa goma sha ɗaya ce kore yanzu a layinmu. Bai ƙwanƙwasa ko ɗaya ba tukuna. Ka zo, don Allah.

Ƙanwarka.