Kun Tashi Kafin Waƙar Akwati

Zuwa ga Shugaba da Mambobin Kwamitin da ke fitar da sunayen 'yan takarar lambobin yabo na wasannin dandali, birnin New York.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku.

Shekara goma sha shida ke nan rabona da Gusau. Da wannan na fara don ku san irin mutumin da ke rubuto muku. Ni ba ɗan jarida ba ne, ba kuma masanin waƙa ba. Sunana Garba, a unguwar Mount Hope nake zaune, cikin Bronx, nan New York. Aikina raka 'yan kallo kujerunsu a ɗaya daga cikin gidajen wasan da kuke zuwa. Ni ne mai furfurar gemun nan da jar riga da 'yar tocila, a hanyar hagu. Da yawanku na haska muku matakala. Ban zaci kun lura ba, kuma ban riƙe ku da wannan ba, haka aikin yake.

Da Hausa na rubuta. Turancina ya ishe ni in ce ga kujerarki, a kula da matakala, a kashe waya. Bai ishe ni in faɗi abin da ke cina ba. Wanda ya ga wasiƙar ta kai a fassara muku, Allah Ya ba shi lada.

Wasan da ake yi a gidanmu tun watan Satumba tsoho ne, mai waƙe-waƙe. An fara yin sa tun ba a haifi yawancin masu yin sa yanzu ba, sai kwanan nan aka farfaɗo da shi. Labarin wata mata ce mai gidan haya kusa da tashar jirgin ƙasa, tana ba 'yan ci-rani ɗakuna. Dattijuwar da ke fitowa a matsayin mai gidan, ba zan kama sunanta ba don ban nemi izininta ba. Mu ma'aikata Mama muke ce mata.

Ranar Talatar da kuka fitar da sunaye, babu sunan Mama. Babu sunan wasan. Guda ɗaya tak kuka ba mu, na masu fitilu. Ranar Alhamis muka tarar da takarda manne a allon ƙofar ma'aikata: za a rufe wasan nan da mako uku. Na karanta ta, na je na sa rigar aiki, na dawo na sake karantawa, kamar za ta canza.

Ga abin da ya shafe ni, in faɗe shi tun yanzu don kada wani ya ce na ɓoye. A ƙa'idar gidanmu, mai irin aikina sai ya yi mako arba'in a jere kafin a mayar da shi ma'aikacin dindindin. Na dindindin yana iya ɗaukar hutun wata guda, a riƙe masa gurbinsa har ya dawo. Idan aka rufe wasa kafin nan, ƙirgen ya koma farko. Yayana Sani, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, ɓarin jikinsa ya shanye shekara biyu da suka wuce, harshensa ya karye. Matarsa ce ke riƙe masa waya in mun kira. Ni kaɗai nake ta surutu, shi yana kallona. Irin wannan zumuncin waya ba ta iya shi. Sai an zauna kusa da mutum. Wannan watan guda nake ta tarawa.

Saboda haka ni mai ƙorafi ne da bakinsa ke ciki. Ku auna maganata da sanin haka. Amma ni ganau ne, ba jiyau ba.

Na ɗaya. Kujerunku na san su. Duk ranar da ɗayanku zai zo, manaja kan ba mu takarda da lambobin kujerun, ya ce kada a bar ku a layi, kada a nuna an san ku. Layi na shida ne ko na bakwai, a tsakiya, kujera biyu ga kowa, kyauta. A ɓangarena, a ranakun da nake aiki, mutum goma sha huɗu na zaunar daga cikinku. Biyar ba su dawo ba bayan hutun rabin lokaci. Ban ji a bakin kowa ba. Ni nake rufe ƙofar hagu idan an kaɗa ƙararrawa ta uku, kuma ni nake tsayawa ina duban kujerun.

Na biyu, kuma shi ne ainihin maganar. Duk abin da Mama take da shi a wasan nan yana bayan hutun. A kashi na farko shara take yi, tana faɗa da masu haya a kan ruwan zafi. Kamar minti ashirin da dawowa, ɗaya daga cikin 'yan hayar ya rasu. Ta shiga ɗakinsa tana haɗa masa kaya cikin akwati, riga biyu, reza, takalmin da bai taɓa sawa ba. Ta gama, ta ɗauki alƙalami za ta rubuta inda za a aika, ta rasa. Shekara tara yana gidanta, ba ta san sunan garinsu ba. A nan take waƙar. Ba ta ɗaga murya, kusan magana ce. Minti shida.

Na tsaya wa waƙar nan sau fiye da ɗari biyu, bayana jingine da bango. Ba a tafa mata nan take. Shiru ake yi, irin shirun da har ƙarar na'urar sanyaya ɗaki kake ji. Sai can wani ya fara. Tun ina yaro na yi aikin yaga tikiti a silima a Gusau, na san ɗakin da ke tafi don kunya, na san wanda aka taɓa. Wannan taɓawa ce.

Akwai wani tsohon Bature mai sanda da ya ga wasan na asali tare da matarsa, ta rasu yanzu. Zuwansa na farko ya tare ni a ƙofa yana ta faɗa, wai an canza ƙarshen, an ɓata musu abu, kamar ni na rubuta. Na ba shi haƙuri. Sau huɗu ya dawo bayan nan, kowane zuwa sai ya sake gaya mini an ɓata shi. Akwai 'yan makaranta da nake fama da su da tocila saboda ɗaukar hoto, amma in aka zo waƙar akwati ba na ganin hasken waya ko ɗaya. Akwai kuma wata 'yar Kumasi mai aikin jinya da ta turo wata tsohuwa a keken marasa lafiya, wasan ranar Laraba. Ba kallo ya kawo ta ba, tana can baya tana latsa waya. Da aka tashi ta dubi sunan da ke ƙirjina, ta ce mini da Hausarsu ta Zango: "Baba, matar nan ta san mu ne?" Na riƙe mata ƙofa kawai.

Mutum biyar ɗinku ba su ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Sun ga tsohuwa tana shara, suka tafi, suka kaɗa ƙuri'a.

Na uku. Mu masu raka mutane muna da namu ma'aunin, ba a rubuta shi a ko'ina ba. Kowa muna ba shi ɗan littafin wasan a ƙofa. Bayan an watse mukan bi layi-layi mu tsince abin da aka bari. Wasan da bai shiga ran mutane ba, buhu muke cikawa da littattafan nan. Wanda ya shiga, da su ake tafiya gida. Na yi aikin cike gurbi a gidaje shida kafin wannan, ban taɓa ganin inda ake tsintar kaɗan kamar nan ba. Wata rana a ɓangarena gaba ɗaya uku na samu. Biyu a layi na shida suke.

Na huɗu. Kujerar da kuka bari ba a iya ba wa kowa, don ba a san ko za ku dawo ba. A bayan ɗakin akwai masu tikitin tsaye, mutanen da suka yi sammako suka bi layi, suna tsaye awa biyu da rabi, ga kujeru mafi kyau a gidan babu kowa. Kuma daga kan dandali ana gani. Mama ta taɓa tarar da ni a ƙofar ma'aikata tsakanin wasan rana da na yamma, ina cin shinkafata a tsaye. Ta ce, "Mista Garba, yau ma layi na shida ya yi giɓi." Ta yi dariya, ta ɗauki soyayyar ayaba ɗaya daga kwanona ta wuce. Shekararta arba'in a wannan sana'a. Ban taɓa jin ta ƙara ko kalma a kan maganar ba, har bayan fitar sunayen. Ni ne na kasa.

A wajenmu, idan mawaƙi ya burge, a filin ake yi masa liƙi, kowa na gani, kuma wanda ya tashi tun da wuri ba ya dawowa gobe ya ce waƙar ba ta yi ba. Ban ce ku koma irin namu ba. Kowane gari da al'adarsa. Amma ko a kotu alƙali ba ya jin rabin shaida ya yanke hukunci.

Yanzu in faɗi naku, don ban zo in ci zalinku ba. Kashi na farko yana da jan lokaci. Rawar ma'aikatan jirgin nan ta yi tsawo, ni kaina a lokacinta nake hutar da gwiwata. Saurayin da ke jan wasan muryarsa kan gaza shi ranar da aka yi wasa biyu. Masu fitilu sun cancanci abin da kuka ba su. Tara daga cikinku sun zauna har ƙarshe, ɗaya ma na ga yana goge ido da bayan hannu, na miƙa masa takarda. Cikin biyar ɗin, wata tari ne ya fitar da ita, ni na buɗe mata ƙofa, ba na sa ta a lissafin masu laifi. Masu gidan wasan ma da nasu: sun tsawwala kuɗin tikiti, kuma wataƙila dama neman dalilin rufewa suke. Ban san ko ƙuri'a huɗu za su canza wani abu ba. Abin da na sani, an yanke wa mace hukunci a kan aikin da ba a gani ba, kuma a garin nan sunayenku ne ke sa baƙi su sayi tikitin bazara.

Abokin zamana, Baba Musah, direban tasi ne ɗan Ghana. Tun da abin ya faru yake tsokanata, wai Bahaushe da furfurarsa yana zaman makokin wasan Turawa, wai in an ba ni lambar in ara masa ya rataya a mota. Da ya ga ba na dariya, sai ya ce to ai sun sallame ni, in tafi gida mana, me ya rage. Wataƙila ku ma haka za ku ce. Ga amsar. Idan aka rufe, sunana zai koma jerin masu jiran kira, yau wannan gida, gobe wancan. Wanda aka kira sau uku bai amsa ba, ƙasan jeri ake mayar da shi. Shekara huɗu na yi kafin in hauro. Maganin Yaya daga aikin nan yake fitowa. In na tafi na gan shi, na yanke masa magani. In na zauna, ban gan shi ba. Shekarata hamsin da shida, gwiwata ba za ta sake ɗaukar aikin dako a sito ba. Kwanakin nan ko zama ba na iya yi. Jiya da safe jirgin ƙasa na layin D ya wuce da ni tashar da zan sauka har da tasha biyu, ina riƙe da ƙarfe ina ta wannan lissafin.

Ba na roƙon ku canza sunayen. Na san alƙalami ya bushe. Waɗanda kuka zaɓa ma 'ya'yan wasu ne, sun sha wahalarsu, Allah Ya ba mai rabo sa'a.

Abin da nake roƙo, daga baɗi a riƙa karɓar sa hannun mambobinku bayan an tashi daga wasa, ba a ƙofar shiga ba. Wanda uzuri ya fitar da shi, ya dawo wata rana, ko ya janye daga ƙuri'ar wannan wasan. In kuma mutum ya san ba zai dawo daga hutu ba, ya raɗa wa mai jar riga, mu zaunar da masu tsaye. Wannan ko taro ba ya buƙata.

Sai roƙo na ƙarshe, ga mutum huɗun nan. Kun san kanku, ni ma na san ku, kuma ba zan faɗa wa kowa ba. Saura mako biyu. Ku zo ku ga kashi na biyu. Ba sai kun sha wahalar na farko ba, ku iso ƙarfe uku da kwata ranar Laraba ko Asabar, ku nemi ƙofar hagu. Ba zai ƙara wa Mama komai ba, ba zai ƙara mini ba. Amma in an tambaye ku nan gaba me ya sa ba ku sa ta ba, ku amsa kuna sane da abin da kuka bari.

Allah Ya ƙara muku lafiya da basira, Ya sa ku gama da sana'arku lafiya. Allah Ya raba ku da ranar da za a auna aikinku da rabinsa. Mama kuma Allah Ya ba ta wani dandalin, ta same shi cike.

Na duba takardun albashina jiya, na ƙirga su a kan gado, na sake ƙirgawa. Ranar da za a kashe fitilun gidan nan, ina da mako talatin da bakwai. Arba'in ake nema.

Wassalam.

Naku,
Garba, mai jar riga na hanyar hagu,
Mount Hope, Bronx.