Sandar Tashar Mapou

Mapou, 3 ga Agusta, 1971

Kawu Gaëtan,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Inna Lisette. Sarojni ce, 'yar abokinka Vadivel, tsohon shugaban tasha.

Kawu, tsoro ya ishe ni. Shekara bakwai da daina aikin jirgin ƙasa, an ciccire ƙarafunan dogo, hanyar ta zama ta motocin rake, amma Baba ya ce yana jin jirgi. Kullum da la'asar sai ya sa kwat ɗinsa ya ce, "Ya baro Port Louis. Ga shi a Terre Rouge. Ya wuce Pamplemousses." Sai ya shiga tsakiyar hanya da jan ƙyalle yana tare motoci. Jiya saura ƙiris wata ta take shi. Direban ya ce, "Tsoho, in mutuwa kake nema, nemi wata motar!"

Na tambaye shi dalili. Ya ce direban jirgin ƙarshe bai miƙo masa sandar tagulla ta izinin bin hanya ba, kuma muddin ba ta dawo hannunsa ba, a doka jirgi yana kan hanya. Kai ka tuƙa jirgin nan, Kawu. Don Allah, ina sandar?

'Yarka,
Sarojni

Melbourne, 25 ga Agusta

'Yata Sarojni,

Na gaishe ki, na gai da wancan tsohon mai taurin kai. Shekara talatin ina miƙa masa sandar nan ta taga, bai taɓa cewa sannu ba, sai dai ya dubi agogo.

Tana wurina. Ranar ƙarshe ya miƙo hannu, ni kuwa na kasa saki, na wuce ina kuka kamar yaro. Na ɗauka tsaraba ce kawai. Wallahi kunya ta kama ni.

Na sa ta a gidan waya, amma hankalina bai kwanta ba. Ke ba ma'aikaciyar jirgi ba ce, bari in gaya miki: in sanda tana waje, ba jirgin da zai shigo. Ranar da ta dawo, hanya ta buɗe, sai shugaban tasha ya jira jirgi na gaba ya miƙa wa direbansa. Ki yi tunani kafin ki ba shi.

Kawunki,
Gaëtan

Mapou, 19 ga Satumba

Kawu,

Gaisuwa. Ta iso, na kuma ba shi. Haba Kawu, wane tunani, ina kallon motoci suna neman ransa?

Ya goge ta da gefen riga, ya duba sunan tasha a jikinta, ya rataye ta a ƙusarta. Ya ce, "Gaëtan ya makara." Ya ci gurasar farata uku da miyar wake, har da ƙari. Kwana shida ke nan bai taka hanya ba. Na ji daɗi ƙwarai, Allah ya saka maka.

Abu ɗaya ne: ya sa na wanke masa kwat, na yi guga.

Sarojni

Mapou, 24 ga Satumba

Kawu,

Baba ya rasu ranar Alhamis da la'asar.

Ina shanya na hango shi a bakin tsohon dandamalin tasha, ya ɗaga sandar sama, daidai tsayin tagar direba. Ba mota, ba kowa. Kafin in zagayo katanga ya zauna a benci, hannunsa a buɗe, rai ya yi halinsa.

Mu biyar muka bincike ciyawar wurin har ƙasa. Ba mu ga sandar ba.

Ka yi masa addu'a.

Sarojni