Lasifikokinku Sun Fitar da Ni daga Ɗakina

Zuwa ga Shugaban mujallar nan ta kayan sauti, da malaman da yake aikawa baje kolin lasifika,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ku, da iyalanku, da kunnuwanku, tunda na ji da su kuke neman abinci. Ni tsohuwa ce a Gangara, cikin ƙasar Gazawa. Lakol ɗina, wato karatun boko, bai yi nisa ba, a ajin yaƙi da jahilci na ƙarasa, shi ya sa na rubuto da Hausa. Ku nemi mai fassara, ni ma taku sai an fassara mini.

Ƙara na kawo. An fitar da ni daga ɗakina, kuma da hannunku a ciki. Wanda ya fitar da ni jikana ne, Laminu, mushe, wato malami, a lakol ɗin garinmu, wanda nake kira mijina ko da yake ban taɓa ganin cefanensa ba. Wani abokinsa direba ke kawo masa tsofaffin mujallunku daga Yamai, shi kuma ya riƙe su kamar laya.

Na ɗaya, sai na fara da faɗin gaskiya: kun iya aikinku. Laminu yakan karanta mini yadda kuke zuwa wani ƙaton gida, kowane ɗaki da lasifika biyu, ku shiga ku zauna ku saurara, ku fito ku rubuta. Wannan muryarsa da ɗumi, wancan tasa a bushe, wani kuma wai ƙasan muryarsa ya cika maiƙo. Na tsufa ina yi wa yara tatsuniya, amma ban taɓa haɗuwa da masu sa mutum ya ɗanɗani abin da ake ji da kunne ba sai ku. Ga hotuna kuwa, wani akwati kamar rumbu, wani ya naɗe kamar dodon koɗi, wani ya buɗe baki kamar kakaki. Wanda ya sassaƙa su, hannunsa ya sha albarka. Da a kusa kuke da na aiko muku da fura.

Na biyu, ga yadda abin ya auku. Irin naku sun fi ƙarfin aljihun mushe, sai ya kai hoto wajen wani kafinta a Maraɗi aka yi masa akwati biyu, ya cire kayan cikin tsofaffin lasifikokin biki ya dasa. Da ya kunna a ɗakinsa na kwano, rufin ya kama rawa. Ya koma ga mujallarku, ya taso da fatawar cewa sauti yana son bango mai kauri da rufin da ba ya amsawa. Duk gidanmu shigifa ɗaya ta rage mai rufin ƙasa, ita ce tawa, wadda marigayi maigidana ya gina. Bayan sallar layya Laminu ya zo da murmushi da ƙullin goro, wai aron kwana biyu. Ga shi har gero ya yi kai, aro bai ƙare ba.

Da farko tare muke zaune, ni da akwatunan. Sai ranar da ya saki wani kiɗa mai ganga, jeren kwanonina na bango ya ɗauki amshi, langa da tasa da samira kowace da muryarta. Ni na ji daɗin abin, na ce masa ga 'yan amshi ya samu kyauta. Shi kuwa fuskarsa ta yi kamar an mutu. Wai kun ce duk abin da ke karkarwa a fitar da shi. Jeren da na shigo gidan nan da shi, wanda ban taɓa saukewa ba sai don wanki, yanzu yana cikin buhu. Gadon ƙarfena ya bi bayansa, shi ma an same shi da laifin ƙara. Tsohuwa kuwa inda gadonta ya tafi can take bi. Yau a ɗakin kwano nake, maƙwabciyar awaki, da rana ina gasuwa kamar gyaɗa a kasko.

Na uku, kada ku ce ban ɗanɗana ba. Wata ranar Juma'a da hantsi ya zaunar da ni a kujerar da ya kafa tsakiyar ɗakin, ya ce in rufe ido in yi shiru. Shirun ne ya fi ba ni wuya. Sai ga mai goge ta hannun hagu, ga mai ƙwarya ta dama, ga mawaƙi tsaye a tsakiya, wurin da na san babu kowa sai bango. Na ji lokacin da ya ja numfashi, na ji ya haɗiye yawu. Wallahi sai da na jawo mayafina na rufe kafaɗa, don na ɗauka baƙon namiji ne ya shigo babu sallama. Na tashi na leƙa bayan akwati, Laminu yana ta dariya har da riƙe ciki. A ranar na yarda ba ƙarya kuke rubutawa ba.

Na huɗu, nan ne kuka ɓata rawarku da tsalle. Kujera ɗaya! Na bi hotunanku da yatsa, ko ɗakin yana da kujeru da yawa, ɗaya ce tak kuke cewa nan daɗin yake. A wajenmu lasifika waje take kallo. Ta masallaci gari take kira, ta biki unguwa take gayyata, ta mai tallan magani ranar kasuwa ko kurma sai ya san da zuwanta. Abu mai daɗi irin wannan a rufe shi ga mutum ɗaya, ai rowa ce. Shi ya sa wata rana da ya tafi lakol na sa matan gida muka juya akwatunan suka kalli ƙofa, don masu daka su samu rabonsu. Ashe ya auna wurin kowanne da igiya, ya zana da alli a ƙasa. Da ya dawo ya tsaya bakin ƙofa ya dafe kai, kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ƙananan jikokina da suka saba cika shigifar nan su ji labarin gizo, yanzu sanɗa suke in za su wuce.

Ga roƙona. Yaron nan ubansa ya yi magana, kawunsa ya yi, ya ce ba su fahimci sauti ba. Ku kaɗai yake jin maganarku. Ku rubuta masa da Faransanci, da manyan baƙaƙe, cewa ba a korar kaka don lasifika. Sannan in kun koma baje kolinku na gaba, ku ɗauke kujerar nan ko sau ɗaya, ku shimfiɗa tabarma, ku zaunar da tsofaffi da yara, ku saurara tare, ku faɗa mana abin da kuka ji. Ban ce ku yi ƙarya don ni ba. In daɗin ya ragu ku faɗi ko nawa ya ragu, mu za mu iya da sauran. Kuma ban ce a fitar da akwatunan ba, na saba da mawaƙin nan na tsakiyar bango. Su zauna, ni ma in zauna, gadona da jerena su dawo.

In kun yi shiru, to wake ya kusa shigowa gida. Na ƙwanƙwasa akwatunan nan na duba, katakon mai kauri ne, haɗin babu kafar da ƙwaro zai bi, kowanne zai ci buhu. Na kuma san inda Laminu yake ajiye abin kwance kusoshi.

Allah ya ƙara wa mujallarku kasuwa, ya kai ku baje koli lafiya ya dawo da ku lafiya. Allah ya tsufar da ku cikin ɗakunanku, ya ba ku jikokin da ba su cika karatun mujalla ba.

Wassalam.

Taku,
Iya Hajo, daga ɗakin kwano, Gangara.